Farar Shaddar Da Na Ɗinka Masa

A lokacin da wannan abu ya faru, ni dillalin albasa da shinkafa ne a Talata Mafara. Da dako na fara, har Allah ya kai ni ga ofis da sito da mota, manoman Bakolori da Bakura na kawo mini kaya, 'yan kasuwar Kudu na nemana. Abin da na fi tsarewa shi ne kwarjini, domin a sana'armu, in aka ga kana shakka, an gama da kai.

Cikin ma'aikatana akwai wani magidanci ɗan Maradun, mai hankali da lura. Shi na zaɓa ya riƙa tsare ofis in ba na nan. Na koya masa gane albasar da za ta jure tafiya, na koya masa ciniki. Na kuma koya masa abin da nake kira ladabin ofis: kada ya gyara mini magana gaban baƙi, kada ya nuna tsoro, kada ya je wurin manoma sai da shigar manya. Da kaina na ɗinka masa farar shadda, na haɗa masa da agogo. Sau ɗaya ya taɓa musa mini farashi gaban mai saye. Da mutumin ya fita na wanke shi tas, na tambaye shi ko shi ya kafa wurin. Bai sake ba.

Wata rana, gaban wasu manyan masu saye, na yi alkawarin washegari zan tura shi ya ɗauko musu hatsi daga wajen Gidan Goga. Na ga ya buɗe baki, na yi masa kallon da ya sani, ya sunkuyar da kai. Da baƙin suka tafi ya tsaya bakin ƙofa, ya ce Alhaji akwai 'yar magana. Na ce in ta tafiyar ce, na riga na faɗa gaban mutane. Ya ce to. Ashe 'yan'uwansa sun gaya masa ɓarayin daji sun matso kusa da hanyar a makon.

Ya tafi cikin farar shaddarsa. Da ɓarayin suka tare motar, direba da leburori masu tsofaffin riguna aka yi musu duka aka kore su. Shi aka zaɓa, don sun ɗauka shi ne mai kayan. Ya rantse musu ma'aikaci ne, suka nuna agogon suna dariya.

Na sayar da sito muka karɓo shi bayan watanni. Ya dawo da ƙafar da ba ta ƙara takawa daidai ba. Da na je gaishe shi, matarsa ta gaya mini daga bayan labule cewa a daren tafiyar ta roƙe shi ya faɗa mini gaskiya, ya ce maigidansa ba ya son a mayar masa da magana.

Ku masu koya wa na ƙasa aiki, ku koya musu tambaya kafin ku koya musu ado. Wanda ka hana musa maka farashi, ba zai musa maka hanya ba. Na ci riba a kwarjini, ba wanda ya taɓa ganin an gyara mini magana. Siton na sake gina wani. Shi kuwa har gobe da sanda yake zuwa masallaci.