Shafi Arba'in da Takwas da Suka Rage

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah ya karɓi ran matar da masu karanta wannan jarida suka sani da Mai Kati. Ta rasu a asibiti bayan jinyar kwana tara, tana da shekara sittin da bakwai. An yi mata sallah bayan la'asar, aka kai ta makwancinta. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa muka nufa. Ita ta riga mu isa.

A ofis Yaya muke ce mata, har da waɗanda suka girme ta. To, Yaya, yau Asabar, ranar shafinki. Shekara ashirin da shida ke nan kina gaya wa mutane sababbin littattafan labari da suka cancanci lokacinsu, kuma yau ce Asabar ta farko da aka haɗa shafin ba ki tsaya a bayan mai tsara shi kina ƙorafin ƙanƙantar haruffa ba. Ni ne editan shafin tun shekara goma sha tara da suka wuce, don haka aka ce ni zan rubuta. Akwai kuma wata magana tsakanina da ke game da littafi na biyar na wannan mako, wadda gara in faɗe ta a gaban jama'a.

Kafin ki fara shafin, shekara goma sha ɗaya kika yi kina gyaran rubutu a ɗakin ƙasa, ke da jan biro da ƙamus mai yagaggen bango. Da aka hau da ke sama, tebur ɗaya kika roƙa, na kusa da taga, bayan injin kwafi, inda kowa ke gudu saboda zafi da ƙara. Kika ce a nan ne kawai ba mai tsayawa hira. A aljihun teburin akwai fararen katuna irin na laburare, a ɗaure da roba. Kowane littafi kati ɗaya, kuma abin da bai shiga kati ba ba ya shiga jarida. Daga nan sunan ya samo asali.

Ba ki taɓa ba littafi maki ba, ko taurari. Kowane kati da kalmomi biyu yake farawa: "Ga wanda", ko "Ga wadda". Na tuna wasu da ka. "Ga wanda ya yi jinyar mahaifinsa har ya gaji, ya kuma ji kunyar gajiyar." "Ga wadda ta koma gidan da ta tashi ta tarar ɗakunan duk sun ƙanƙance." Akwai wani da ya ja mana wasiƙu har na wata guda: "Ga wanda yake son dariya, amma kada ya karanta shi a motar haya, za a ɗauka ya taɓu." Bayan wannan layi sai jimla huɗu ko biyar kan abin da ke cikin littafin, ba tare da kin tona ƙarshensa ba. Na sha tambayarki me ya sa ba kya cewa kawai littafi ya yi kyau. Amsarki ɗaya ce kullum: "Ya yi wa wa kyau, Edita?"

Doka ɗaya kike da ita, ba kya rubuta kati sai kin kai shafin ƙarshe. Masu buga littattafai sun san da ita, sun kuma yi ta ƙoƙarin zagaye ta da taƙaitaccen labari da wayar roƙo. Ni ne na fara karya ta, a shekarata ta farko. Zazzaɓi ya kwantar da ke, kika aiko da katuna uku da littafi na huɗu, da 'yar takarda cewa saura babi biyu, a bar shi sai mako mai zuwa. Ni kuwa ga fili a shafi, ga injin buga jarida yana jira. Na leƙa farkon littafin na ga ya yi armashi, sai na rubuta layi biyar da irin muryarki, na sa a ƙarƙashin sunanki. Har na ji daɗin yadda na kwaikwaye ki.

Ranar da kika dawo aiki, wani mai aski ya hawo bene da littafin a hannu, da almakashi a aljihun riga. Ya ajiye shi a teburinki ya ce, "Hajiya, ke kika ce. Kwana uku ina korar masu zuwa aski saboda wannan abu, ashe a ƙarshe duk mafarki mutumin yake yi." Ba ki ce masa ba ke kika rubuta ba. Kika ba shi haƙuri, kika ɗauko wani littafi daga jakarki kika ba shi aro, kika raka shi har bakin bene. Sannan kika dawo kika tsaya a kaina.

"Ranka ya daɗe Edita," kika ce, kuma duk ranar da kika ce haka na san na shiga uku. "Ka iya muryata, ban yi musu ba. Amma mutumin nan kwana uku na rayuwarsa ya ba ni, ba kai ya ba. Da me zan biya shi?"

Asabar ta gaba kika buga gyara da kanki, layi biyu, cewa an yaba wani littafi a wannan shafi kafin a gama karanta shi, kuma ba za a sake ba. Ba ki ambaci sunana ba, a ranar ko bayanta. Shekara goma sha tara mai askin nan yana aiko miki da ra'ayinsa a bayan takardar kalanda, kuma na gan shi ranar Talata a sahun gaba.

Mutane da yawa sun ɗauka kina da tsanani, saboda littattafan da kika yi shiru a kansu sun fi waɗanda kika ambata yawa. Abin da ba su sani ba shi ne ambulan. Marubucin da littafinsa bai sami kati ba yakan sami ambulan a gidan mai buga masa, ciki da takarda ɗaya ko biyu: shafi kaza mutumin nan ya yi maganar da ba irin tasa ba, shafi kaza ka manta ka ce matar tana da ciki, babi na shida shi ne littafinka na gaskiya, koma can. Ba ki taɓa buga suka a jarida ba. Kin ce shafin na masu karatu ne, ambulan kuma na marubuci, kada a haɗa su. Na san mutum uku da suka fusata da ambulan, suka daina gaishe ki, daga baya littafinsu na biyu ya sami kati. Ɗaya daga cikinsu ya kira ni ranar Laraba, ya kasa gama magana.

Kuma ba ki yarda da kunnenki ke kaɗai ba. Maigadin ofis ya fi kowa shan aron littattafanki. Wata rana na ji shi yana ce miki, "Yaya, wannan marubucin bai taɓa tsayuwar gadi ba. Wane maigadi ne zai bar ƙofa ya bi kyanwa?" Kika yi dariya har kika cire tabarau, kika koma kika sake karanta babin, kika ƙara layi ɗaya a ambulan.

Yanzu ga maganar da na ce. Ranar Laraba, a gidan gaisuwa, 'yarki ta ja ni gefe zuwa ɗakin karatunki, wanda maigidanki ya daɗe yana cewa da can ɗakin baƙi ne kafin a ci shi da yaƙi. Ta miƙo mini jakar da kika tafi da ita asibiti. Littafi biyar ne a ciki. Huɗu kowanne da katinsa, a cike, rubutun ya ɗan karkace amma ba kuskure ko ɗaya. Na biyar katinsa fari ne, an soke shi a shafi na ɗari biyu da goma sha biyu. Littafin shafi ɗari biyu da sittin ne.

Shi ne littafin farko ga marubuciyarsa, wata mai haɗa magani a wani ƙaramin asibiti, wadda ta yi shekara bakwai tana rubuta shi. Labarin wasu 'yan'uwa mata biyu ne da suka gaji shagon gyaran agogo daga mahaifinsu, ɗaya tana son a sayar, ɗaya ba ta so. 'Yarki ta ce tun kwana na shida idonki ya daina jure karatu, ita ke karanta miki da rana, kina tsayar da ita kina cewa ta sa alama da fensir. Ranar Litinin da yamma kika ɗaga hannu kika ce, "Tsaya nan, uwata. Yarinyar nan ta iya. Amma mu ga yadda za ta sauka. Gobe ma ƙarasa."

Ina fitowa daga ɗakin na tarar da marubuciyar a tsakar gida, cikin mata, ta rakuɓe a gefen tabarma. Ban san ta ba, ita ta gane ni. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce a hankali, "Malam, ka yafe ni, na san ba ranar wannan tambaya ba ce. Ta ce wani abu?" Na ce mata zan duba. Na san abin da katin Mai Kati yake yi wa littafin farko: masu shaguna su nema, a sake bugawa, marubuci ya sami ƙarfin zama ya rubuta na biyu. Na kuma san abin da rashinsa yake yi, kwalayen littattafan da ba a saya ba a ƙarƙashin gado. Wannan kuwa shi ne kati na ƙarshe da za a taɓa samu.

Ranar Alhamis babban edita ya kira ni ya ce, da kyakkyawar niyya, a fitar da biyar ɗin gaba ɗaya, ai ba wanda ya san salonki kamar ni, kuma ai kin riga kin ce ta iya. Yaya, ba zan ɓoye miki ba, na rubuta. Na zauna a teburinki, na zaro kati daga cikin roba, na fara da "Ga wanda", na cika shi. Ya fito da kyau, ya fi na shekara goma sha tara da suka wuce. Ba wanda zai gane. Na riƙe shi ina kallo, injin kwafi yana ta ƙara a bayana, sai na ga ba ni da amsar tambayar da kika yi mini a kan mai aski. Wancan karon kina nan, kin buga gyara. Wannan karon duk wanda ya ba ki kwanakinsa saboda katin nan, ba mai raka shi bakin bene. Na yaga shi.

Jiya Juma'a da safe na koma teburin na ɗauki littafin daga shafin farko, don ban ga dalilin fara shi daga inda wani ya tsaya ba. Na bi alamun fensirinki har inda suka ƙare, daga nan na ci gaba ni kaɗai. Na gama kafin a rufe shafi.

Ga abin da mai karatu zai gani a shafi na gaba. Katunanki huɗu suna nan yadda kika rubuta su, ba a taɓa ko waƙafi ba. Na biyar mun buga hotonsa yadda kika bar shi, fari. A ƙarƙashinsa, cikin wani akwati dabam, akwai layi biyar da sunana a kai. Na ce littafin ga wanda ya taɓa rabon kayan mamaci da ɗan'uwansa ya gane ba kayan suke wa faɗa ba. Na ce babi na biyun ƙarshe ya yi ɗan jan ƙafa, amma ta sauka lafiya, a kan ƙafafunta. Ra'ayina ne, kuma na san bai kai nauyin naki ba; mai yiwuwa shaguna kaɗan ne za su motsa saboda shi. Wanda ya karanta bai ji daɗi ba, ofishina yana hawa na biyu, ni zai nema.

Ke kuma 'yar'uwa mai haɗa magani, kin tambaye ni ko ta ce wani abu. Ta ce kin iya, ta ce a ga yadda za ki sauka. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Littafin da alamun fensirinta yana wurina, 'yarta ta ce a ba ki. Alama talatin da ɗaya ce, wasu na yabo, wasu na tambaya. Shi ne ambulan ɗinki. Ki zo ki karɓa, ki je ki rubuta na biyu.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukkan ma'aikatan wannan jarida, ga maigidanta, da 'yarta da ta zame mata ido a kwanakin ƙarshe, da 'ya'yanta maza biyu, da jikokinta, da ƙannenta, da duk wanda ya saba buɗe jaridar Asabar daga tsakiya. Allah ya ba ku haƙuri mai kyau, ya cike muku gurbin da ta bari da alheri.

Allah ya jiƙanki, Yaya. Ya gafarta miki kurakuranki, ya yalwata makwancinki ya haskaka shi, ya sa jinyar da kika yi ta zama kankarar zunubi. Kin tsare amanar kalmarki shekara ashirin da shida, ba ki shaidi abin da ba ki gani ba. Allah ya karɓi shaidarki, ya ba ki littafinki a hannun dama. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.