Rigar Babana a Gwanjon Lambar Mota

Ko tsufa ya sa na manta sunan unguwar da na zauna a Doha, ba zan manta ranar da aka so in yi ƙarya da rigar babana ba.

Lokacin ina tuƙa wani Balarabe a unguwar Al Sadd, shi ne kuma kafil ɗina, wato zamana a ƙasar da sunansa yake rataye. Mutumin ba shi da jaraba sai tara lambobin mota. A can, gajeriyar lamba ko mai maimaita kanta takan fi motar da ke ɗauke da ita tsada, gwanjonta ake yi. Ni ban taɓa gane daɗin abin ba, ƙarfe ne da fenti, amma ba aljihuna ba ne.

Ranar Sallah ya gan ni cikin babbar rigar marigayi babana, shuɗiya mai aska takwas. Ya zagaye ni sau biyu yana murmushi. Bayan mako guda ya kira ni.

"Ranar Asabar zan sayar da lamba ɗaya," in ji shi. "Ka sa rigar nan, ka zauna gaba kamar attajiri daga Nijeriya. Duk sanda na taɓa agogona, ka ɗaga hannu. Ba saya za ka yi ba, farashi za ka tura sama."

Na ce masa wannan cuta ce. Ya ce, "Khalas, zance ya ƙare. Direba na ɗauka ko malami? In ba ka son aikin, akwai masu so." Ina da mata da 'ya'ya uku a Funtuwa da ke ci daga aikin nan. Na yi shiru, na sa riga. Har yau shirun nan yana ba ni kunya.

Bayan la'asar aka fara, a wani zauren sayar da motoci. Mutanen da suka saba barina a rana wajen mota, su ne yau ke miƙo min gahawa. Kusa da ni wani dattijo ne ke zaune. Ya matso ya gaya min lambar maigidana ita ce ta motar mahaifinsa ta farko, an sayar da ita lokacin da gidansu ya shiga matsi, ya daɗe yana bin sawunta. Ya ce, "Ya Haj, in ba ka matsu da ita ba, ka bar min."

Sai babana ya faɗo min a rai. Dillalin shanu ne, ya tsufa a kara ba a taɓa jin ya sa wani ya yi tayin ƙarya ba. Wannan rigar yake sawa in an kira shi raba gardamar ciniki.

Aka kira lambar, dattijo ya taya. Maigida ya taɓa agogo, na harɗe hannuwa. Ya sake taɓawa, ya ƙwanƙwasa shi kamar zai fasa gilashin. Da ya ga ban motsa ba ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yalla, yi maza." Raina ya ɓaci, na miƙe na fuskanci mai gwanjo.

"Ni direba ne, mai lambar nake tuƙawa. Ba saya na zo yi ba, kada a lissafa da ni."

Na koma na zauna, na shanye gahawata. Mai gwanjo ya ci gaba da kiran farashi. Dattijo ya sami lambarsa a farashin da masu sayen gaskiya suka tsaya.

A bakin ƙofa maigida ya karɓe makullinsa, ya ja motarsa da kansa. Na taka zuwa tashar bas ina naɗe hannun riga. Wata biyu na yi ba aiki, ina raɓe a ɗakin wani ɗan Zangon Kumasi a unguwar Sanaiya, kafin aka mayar da takarduna wajen wani mai kayan miya. Yanzu tumatir nake ɗauka a kasuwar Abu Hamour, a akori-kura mai doguwar lamba da ba mai kallonta sau biyu. Albashin bai kai na da ba, kuma ko kaɗan ban yi nadama ba.

Ranar ta koya min cewa mai biyana albashi lokacina ya saya da ƙarfina. Mutuncin da babana ya bar min a cikin rigar nan ba ya cikin cinikin.