Katakon Zubi a Ƙarƙashin Tukunya

Kafin in zama ɗan zaman ofis a Abuja, ni injiniyan zubin ƙarfe ne. A wata masana'anta a can arewa muke narka ƙarfe, muna zuba ƙafafun tarago da birkinsu. Mutane sun ɗauka tanderu ne ran wannan aiki, alhali katako ne. Kafinta zai sassaƙa siffar abin da ake so da itace mai kyau, ya ɗan fi ainihinsa girma, domin ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. A danna katakon cikin yashi, a zare shi, a kwarara narkakken ƙarfe a gurbinsa. Tanderu ana sayensa. Katakon nan kuwa, tsofaffin da suka san yawan ƙarin da ake yi masa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Da aka rufe masana'antar, 'yan gwangwan suka kwashe duk abin da yake ƙarfe ne, ba wanda ya kalli itace. Na ɗauko katakan a mota. Da na samu aiki a ma'aikatar sufuri, na roƙi arziki aka bar ni na jibge su a wani tsohon sito, bayan filin da ake shimfiɗa sabon layin dogo a gefen gari. Abokan aiki suka mayar da ni abin tsokana, wai in na mutu magada za su sha rabon itacen girki. Nakan yi dariya, amma ba har ciki ba.

Lokacin mulkin farar hula ya zauna da gindinsa, man fetur yana daraja, ko'ina ka duba a Abuja gini ne ke tashi. Sai aka ce an sayo mana sababbin kawunan jirgin ƙasa na kaya daga waje, za a yi bikin karɓarsu a wannan fili. Ban ƙi jirgi ba, Allah ya sani. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, hatta birkin da muka saba zubawa da hannunmu, yanzu sai an yo mana odarsa daga ƙetare.

Ranar bikin na sha farar babbar riga kamar kowa. Kawunan jirgin suna tsaye sai sheƙi suke, an ɗaura musu ƙyalle. Ana cikin jawabi iska ta kawo mini wani ƙamshi, kuma ba na dafa-dukar da ake yi wa baƙi ba ne. Ƙamshin fentin da muke shafa wa katakon zubi ne don kada yashi ya kama shi. Na tashi na zagaya bayan rumfa.

Siton a buɗe yake, an jera lemo da kujeru a ciki. A waje mata masu girki sun ɗora manyan tukwane, kuma abin da ke ci a ƙarƙashinsu katakaina ne. Na gane na birki, na gane na akwatin gatari, wato mazaunin sandar da ke riƙe ƙafafun tarago, duk da an faskara su.

Na ce da babbarsu, wata dattijuwa da ta zo daga wajen Sheda, "Mama, wa ya ba ku wannan?"

Ta ce, "Oga, mai store ne ta ba mu. Ya ce a share wurin saboda visitors. Itacen yana cin wuta fine, ba hayaƙi."

Ba laifinta. An ce mata itace ne, kuma itacen ne. Na durƙusa na cusa hannu ƙarƙashin tukunya na jawo katakon ƙafar tarago, rabinsa ya riga ya zama gawayi. Na danne wutar da bakin rigata. Matan suka ɗauki salati. Dattijuwar ta dubi fuskata, ban san me ta gani ba, sai ta ɗebo ruwa ta kwara a sauran da ke gefe, ta ce da 'yan uwanta su je su nemo gawayi.

Hayaniyar ta jawo daraktanmu, wanda muka yi makaranta tare.

"Haba Injiniya! What is this? Manyan baƙi na zaune, dubi rigarka. Wannan zamanin ya wuce, ka haƙura mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in birkin wancan jirgin ya cinye, wa zai zuba mana wani?"

"Za a yi order. Ka bi ta baya, please, kada a gan ka."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Ba ƙona katakon ya fi yi mini ciwo ba, a'a, cewa da ya yi in ɓuya, kamar ni ne na yi abin kunya. Motata tana can gaba, kuma hanyar da ta fi kusa ita ce tsakanin rumfar baƙi da kawunan jirgin. Na saɓa rabin ƙafar nan a kafaɗa, tana hayaƙi, na bi ta nan. Ban yi sauri ba. Mai jawabi ya ɗan sarƙe, masu hoto suka juyo. Na san daga ranar ba ni ba ƙarin girma, kuma haka aka yi.

A bakin ƙofa wani ɗan sanda ya tare ni, yana kallon hannuna da ya fara tashi saboda ƙuna.

"Oga, wetin be this? Ina za ka kai itacen mutane?"

Na ce, "Ƙafar jirgi ce. Mu muka yi ta. Matsa in wuce."