Baba Gobe

Ba wanda ya tuna sunansa na yanka, Baba Gobe kowa ke ce masa. Maigadi ne a kamfanin kwanon rufi, gajeren tsoho mai ɗingishi, da kujerar robarsa da ya ɗaure wa ƙafa da waya. Kullum da safe masu neman aiki sukan yi cincirindo a bakin ƙofa, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Ku dawo gobe, da yardar Allah." Ya san sarai ba a ɗaukar kowa ta wannan ƙofar, amma a ganinsa tausayi yake yi. Gara mutum ya koma gida da gobe, in ji shi, da ya koma hannu rabbana.

Cikin masu dawowar akwai Dogo, mai walda da shagonsa ya ƙone. Mutum ne wanda ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Shi ke share wa Baba gindin kujera, ya cika masa buta. Damina ta wuce, rani ya bi bayanta, takalmin Dogo ya cinye har dunduniya na taɓa ƙasa, bai fasa zuwa ba.

Kwatsam sai aka nemi mai walda. Baba bai yi wata-wata ba, ya shigar da ɗan ƙanwarsa ta ƙofar baya.

Washegari Dogo ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, yau fa?"

Kunya ce ta kama tsohon, ita kuwa kunya in ta rasa mafita, faɗa take komawa. "Kai ba ka gajiya ne? Babu wata gobe! Aikin ya samu, na ba ɗan ƙanwata. Ka je ka nemi abin yi!"

"To, Baba," in ji Dogo.

Ya koma jikin katanga ya zauna har aka tashi aiki. Da ɗan ƙanwar Baba ya fito, Dogo ya ɗauki guntun rodi, ya kayar da shi, ya take masa hannun dama, ya yi ta bugu. Abin da Baba ya kasa mantawa shi ne Dogo bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. A natse yake, kamar mai miƙar da ƙarfe. Har yau hannun ko cokali ba ya riƙewa.

Alƙali ya ɗaure Dogo. Ƙanwar Baba ta daina amsa gaisuwarsa. Kowa ya ce Dogo mugu ne, amma Baba ya san wanda ya yi ta ciyar da shi ƙarya, kuma ya san wanda ya fizge ta rana ɗaya. Abin yana cinsa a rai, abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Sai ya shiga zuwa gidan yari ranar ziyara, yana bin layi da ɗingishinsa. Abu ɗaya yake so kafin ya mutu. Da aka fito da Dogo, ya rame, an yi masa aski tal, tsohon ya kama ƙarfen taga.

"Ɗana, na cuce ka. Don Allah ka yafe mini."

Dogo ya dube shi, ba fushi a fuskarsa. Sannan cikin ladabin nan nasa na da ya ce, "Baba, ka dawo gobe."

Baba ya san ma'anar kalmar fiye da kowa. Amma yana komawa.