Azumin Yaya Iliassou

Yayana Iliassou direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, ɗan Nijar, hanyarsa Parakou zuwa Djougou, ya kai gishiri ya dawo da doya. Mutum ne mai ci, kai! Tuwon mutum uku ba ya isarsa, na sha yi masa tsiya a kan haka.

Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa ya zama kamarad, kowace unguwa da delegenta, wato wakilin gwamnati, mai kunne a ƙofar kowa. Wata rana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Yaya ya buge wani mai keke a wajen garin Onklou. Ya sauka, ya ga babu rai, tsoro ya kama shi, ya gudu. Ni kaɗai ya faɗa wa, sai kuma Alfa Yaou, malamin unguwarmu Banikanni.

Alfa ya ce kisan kuskure sai kaffara: azumin wata biyu a jere, in ka sha rana ɗaya ka koma farko. Ya ce kalmar Larabci ce, asalinta rufewa, yadda manomi ke rufe iri da ƙasa.

To, ina rufewa a Banikanni? Acici irin Yaya ya daina ci, ba Ramadan ba, ba Litinin da Alhamis ba! Direbobin tasha sun san abin da ke sa direba irin wannan azumi. Ga jandarma na neman wanda ya yi ɓarnar Onklou. Ni kam in an taɓa ƙofa sai in ɗauka su ne.

Saura kaɗan ya gama azumin, aka fitar da unguwa aikin gayya na yashe kwata. Rana na dukan kai. Delegenmu Awwalu, da zancen azumin ya riga ya kai kunnensa, ya ɗebo ruwa a moɗa, ya miƙa wa Yaya a gaban jama'a.

"Sha, kamarad."

Wallahi a raina cewa nake, sha, Yaya, ka sha mu tsira! Ya karɓa, ya dubi ruwan. Sai ya mayar.

"Azumi nake."

"Na me?"

"Na mutumin Onklou."

Da jandarma suka tura shi mota ina ta kururuwa, ya leƙo ya ce, "Halimatou, bar kuka. Ki kawo mini kunu da magariba."