Abin da Lafabona Ya Ɓoye Mini

'Yan uwa, yau na ga ikon Allah a banɗakina!

Bututun ƙarƙashin lafabo, wurin wanke hannu, ke yoyo. Na ce a kira mai gyara. Inna, uwar mijina, ta ce, "Namiji a ɗakinki, maigidanki yana Abijan? Tara bokiti, ɗiyata."

Ni ko na aika kasuwar Madawa, aka sayo sabon bututu. Na durƙusa na kwance tsohon da hannuna. Ƙwal! Sai ga zoben azurfar da abin ƙaunata ya sa mini ranar tafiyarsa ya faɗo daga ciki! Tun azumi nake kukan ɓatansa a ɓoye, ga shi jibi maigidana zai dawo!

Na ɗaura sabon bututu, ko ɗigo babu!

Inna ta leƙo, ta dubi zoben a yatsana. "Madalla. Yanzu sai ki daina ɓoye mini hannu cikin mayafi."