Ranar da Maigandi Ya Miƙa Makulli

Duk wanda ya taɓa mallakar Fijo a Sakkwato ya san Maigandi bakanike, in bai san fuskarsa ba ya san faɗansa. Garejinsa na bayan Ƙofar Rini, rumfar kwano ce kawai da rami da benci guda. Shekara arba'in da 'yan kai yana wurin, kuma yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya ɗaga wa kowa: motar da ya gyara sai ya tuƙa ta da kansa, ya taka birki ya ji, kafin mai ita ya karɓi makulli. Yakan ce rayukan mutane ake ɗauka a ciki, ba buhunan gero ba.

Zamani ya juya masa baya. Motocin yanzu sai an jona musu na'ura ta faɗi ciwonsu, shi kuwa ya ce ba zai tambayi talabijin aikinsa ba. Amma ba rashin ciniki ke cin ransa ba, idonsa ne. Shekara biyu ke nan yanar ido tana rufe masa gani a hankali, har ta kai mutum na tsaye gabansa sai ya yi magana yake gane shi. Matarsa Sadiyatu kaɗai ta sani. Ta yi magiya har ta gaji a kan ya je asibiti, ya ce in ya je gari zai ji, in gari ya ji kuwa wa zai ƙara ba makaho mota? Taurin kai dai, Allah ya ba shi nasa har da na maƙwabta.

Ana nan sai Malam Attahiru, tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya, ya zo da wata Fijo 404 an jawo ta da igiya. Wurin wasu magada ya saye ta a Ƙofar Atiku, inda ta shekara ashirin da biyu a gindin dogon yaro, kaji na ƙwai a kujerar baya. Ya ce irinta mahaifinsa ya hau, yana so ya ƙara jin kansa a cikinta. Makanikai uku sun riga sun yi masa dariya.

Maigandi bai yi dariya ba. Ya zagaya ta yana shafawa da tafin hannu tun daga fitila har but, ya ɗaga bonet ya sunkuya ya shaƙi warin tsohon mai, sai ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba. Wannan injin ya san shi kamar ɗakin kwanansa. Ya ce a bar ta.

Wata huɗu aka yi. Ɓeraye sun cinye wayoyi, lagireto ya zama rariya, injin ya kame sai da ya sha kananzir na mako biyu. Robobin birki sai da aka aika har Ƙonni. Kowane noti ya kwance sai ya sa shi a gwangwanin tumatir, gwangwanayen a jere kan benci, wanda ya taɓa ɗaya ranar ya shiga uku. Malam Attahiru kullum da safe yana zuwa da jaridarsa, ya ƙare da miƙa sifana da taka birki. Mutumin da ya shekara talatin yana tsawata wa ɗalibai, ga shi ana ce masa bai da kai, yana cewa to.

Wata Talata da hantsi ta tashi. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta kama. Maigandi ya kara kunne, yana murɗa kafireta kaɗan-kaɗan har ƙarar ta daidaita. Maƙwabta suka taru ana ta barka. Shi kuwa nan take murnarsa ta gushe, don ya san abin da ya rage.

Ya wanke hannu ya shiga, ya kama sitiyari. Hannunsa ya tafi kan giya da kansa. Ya ɗaga kai ya dubi titi, bai ga komai ba sai fari-fari da inuwoyi suna giftawa. Yana jin babura, yana jin muryar mata masu wucewa kasuwa. Zuciyarsa ta ce masa ai ka san hanyar nan, zagaye ɗaya ne, ba wanda zai gane. Ya daɗe ƙafarsa na kan kuloci. Tsoro ya kama shi, kunya ta fi tsoron. Sai ya kashe motar, ya zare makulli.

"Malam," ya ce, kuma bai rage murya ba, "taho ka tuƙa. Ni ba ni gani."

Malam Attahiru ya matso ya karɓi makullin da hannu biyu.

"Na sani tun randa kash shahe ta da hannu," ya ce. "Kunnenka niz zaka nema, Maigandi. Koma wancan gehe."

Maigandi ya zagaya yana dafa motar, ya zauna a kujerar da bai taɓa zama ba a motar da ya gyara. Suka hau titi a hankali suka nufi Sama Road. Maigandi ya rufe idonsa gaba ɗaya, tunda yanzu ba wanda zai ɓoye wa. Ya sa aka taka birki sau uku, ya ce na hagu na ɗan kamawa, in an koma zai sassauta shi. Hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Da suka ɗan yi nisa ya ce, "Sa mata giya ta ukku, Malam, kana wahal da ita. In mun gama, biya da ni gida. Sadiyatu ta san asibitin."